Ciyawar roba: A kai ta filin unguwa, a bar tsakar gida da rairayinta

Kwanakin baya na ziyarci wani abokina a Daura, ba nisa da Kusugu, na tarar yana gyaran gida. Ya zagaya da ni baya, ya nuna mini darbejiya biyu da yake son sarewa. Shirinsa shi ne a baje wurin, a shimfiɗa ciyawar roba, a kafa ƙananan raga, yaransa su riƙa buga ƙwallo a gida su daina yawon layi. A Abuja ya gani, abin ya burge shi. Na roƙe shi ya dakata tukuna, kuma na san ba shi kaɗai ke wannan tunani ba.

Dabarar tana da hujjarta. Tarihin Daura ma da ƙishirwa ya soma, tun daga labarin Bayajidda da macijiyar da ta hana ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a. Har gobe daminarmu ba ta wuce wata huɗu, saura duk rani ne. Duk wanda ya ce zai raini ciyawa ta gaske a nan, to ya tanadi rijiyar burtsatse da kuɗin mai. Ita kuwa ta roba ba ta neman ban-ruwa kullum, ba a yi mata aski.

Amma a duba inda ta fito. Ta yi suna ne a shekarar 1966 a filin wasa na Astrodome da ke Houston a Amurka, fili mai rufi, inda ciyawa ta mutu saboda rashin hasken rana. Wato maganin rashin rana ce. Mu kuwa rana ce ta yi mana yawa. A watan Afrilu zafin Daura kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, kuma ciyawar roba idan rana ta dake ta tana iya wuce digiri 60. Yaranmu da ƙafa tsirara suke wasa. Ko manyan 'yan wasa da takalmansu, a gasar cin kofin duniya ta mata da aka yi a Kanada a 2015, sun koka da zafi da ƙujewar fata, har wasunsu suka kai ƙara tun kafin a fara gasar. To ina ga ɗan shekara shida a tsakar gidan da katanga ta tare iska, an kuma sare masa inuwa?

Sai batun kulawa, wanda masu sayarwa ba su cika tsayawa a kansa ba. A irin wadda ake yi don ƙwallo, ana zuba rairayi da garin tsofaffin tayoyi a tsakanin zaren domin ta yi taushi. Ƙurar hunturu na cika ta, sai an riƙa taje ta da buroshi. Kashin kaza ko na akuya a kan rairayi tsintsiya ce kawai, amma a kan roba sai an wanke, ga ruwan da aka ce za a huta da shi ya dawo. Garwashi ɗaya ya faɗo daga murhu ya ɓula ta. Shi garin tayar, Tarayyar Turai ta yanke a 2023 cewa za a daina sayar da shi don filayen wasa daga 2031, saboda ƙananan ɓurɓushin roba da ke bin ruwa. Bayan shekara takwas zuwa goma kuma shimfiɗar ta gama aiki, kuma mun san abin da muke yi wa bola a garuruwanmu: wuta muke cinna mata.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Tsakar gida ta uwargida ce kafin ta zama ta kowa. Nan ake daka da shanya, nan ake ɗaure ragon layya, nan mata ke zama ranar suna. Na tambayi abokina ko ya shawarci matarsa, sai ya yi dariya ya kawar da zancen.

Yawon layin da yake gudu kuwa, dalilinsa a fili yake. Filayen da muka taso muna buga tamaula da langa a cikinsu an yanka su fuloti-fuloti, gini ya cinye. Yaran ba su da wurin zuwa sai bakin titi, tsakanin 'yan acaba. Idan mai hali ya yi wa 'ya'yansa uku fili a bayan katanga, sauran yaran layin suna nan inda suke, kuma nasa ma ba za su daɗe ba za su gaji, don ba a raba mutum uku gida biyu a ƙwallo.

A ganina ciyawar roba tana da gurbi a Daura, amma a waje. A Kano akwai ƙananan filayen haya masu fitila, inda matasa ke haɗa kuɗi su kama awa guda da dare, lokacin da robar ta huce. Masu hali biyar a unguwa ɗaya za su iya haɗa abin da kowannensu zai kashe a bayan gidansa, su nemi wani ɓangare na filin makarantar firamare ta hannun mai unguwa da ƙaramar hukuma, a sa fitilun sola, a dasa bishiyoyi a kewaye. Yara su shiga kyauta da sanyin yamma, manya su biya bayan isha'i, kuɗin ya tafi ga mai gadi da asusun sake shimfiɗa. Masarauta kuma ta sa baki a rubuta cewa filin ba na sayarwa ba ne, don kada wata rana a wayi gari an kafa masa harsashi.

Da na kira abokina a makon jiya, darbejiyoyin suna nan tsaye. Ya ce yana tambayar kuɗin tifa ɗaya ta rairayi mai laushi, kuma ya yi magana da maƙwabta biyu, ɗaya ya amsa, ɗaya ya ce a bari sai bayan kaka.