Mu Zaga Duniya: Saint-Denis, garin sarakuna da leburori

A makon nan mun nufi Faransa, za mu yada zango a wani gari da ke manne da birnin Faris ta arewa, mai suna Saint-Denis, ana furta shi San-Deni. Masu son ƙwallo sun san shi ko da ba su san sunansa ba, domin a nan filin wasa na Stade de France yake.

Daga tsakiyar Faris zuwa tsakiyar Saint-Denis kimanin kilomita 9 ne. Kogin Seine ya ratsa ta yammacinsa. Duk da kusancin nan, garin yana da magajin garinsa da majalisarsa daban. Faransawa na kiran irin waɗannan garuruwa na gefen birni banlieue. Yana cikin lardin Seine-Saint-Denis mai lamba 93, kuma matasan yankin kan kira shi da lambar kawai. A ranar 1 ga Janairu, 2025, aka haɗe shi da maƙwabcinsa Pierrefitte-sur-Seine, jama'arsa suka kai kusan 150,000. A duk yankin, Faris kaɗai ya fi shi yawan mutane.

Sunan garin ya samo asali daga Denis, bishop na farko na Faris, wanda aka kashe a zamanin mulkin Romawa wajajen shekara ta 250. An binne shi a nan, aka gina coci a wurin, gari ya fara tasowa kewaye da ita. A shekarar 639 aka binne Sarki Dagobert na ɗaya a cikinta, daga baya ta zama hubbaren masarautar Faransa. Sarakuna fiye da 40 da sarauniyoyi fiye da 30 aka binne a can.

Ga abin da ya kamata ɗalibin tarihi ya riƙe. A ƙarni na 12 shugaban wurin, mai suna Suger, ya sa aka sake gina wani sashe na cocin. A lokacin, katangu masu kauri ne ke ɗaukar nauyin rufi, shi ya sa tagogi kan zama ƙanana, ciki ya yi duhu. Maginan Suger suka yi amfani da bakan gini mai tsini da ginshiƙai sirara suka ɗauke nauyin, sai aka samu damar buɗe manyan tagogi na gilashi mai launi. An buɗe sashen a 1144. Wannan salo shi ake kira Gothic, kuma shi aka bi wajen gina cocin Notre-Dame ta Faris da aka fara a 1163.

Juyin juya halin da ya ɓarke a 1789 bai bar matattun sarakuna ba. A watan Oktoba 1793 aka tone kaburbura, aka zuba ƙasusuwan cikin manyan ramuka, har sunan garin aka canza zuwa Franciade na wasu shekaru. Sai a 1817 Sarki Louis na 18 ya sa aka tattara abin da ya rage aka mayar cikin cocin.

Daga nan garin sarakuna ya koma garin leburori. An buɗe wata hanyar ruwa da aka haƙa don jiragen dakon kaya a 1821, jirgin ƙasa ya biyo baya, masana'antun ƙarfe da sinadarai da iskar gas suka cika unguwar La Plaine. Masu neman aiki suka yi ta kwararowa, da farko daga ƙauyukan Faransa da Sifen da Italiya, daga baya daga Fotugal, Aljeriya, Maroko da Mali. Amma daga shekarun 1970 masana'antun suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, rashin aikin yi ya yi ƙamari.

A kan filin wata tsohuwar masana'antar gas aka gina Stade de France, mai ɗaukar 'yan kallo kimanin 80,000, aka buɗe shi a Janairu 1998. A ranar 28 ga Yuni na shekarar, Super Eagles suka kara da Denmak a nan a zagaye na biyu na gasar cin kofin duniya, aka ci Najeriya 4 da 1. Tijani Babangida ne ya ci ƙwallo ɗayar. A ranar 12 ga Yuli kuma Faransa ta lallasa Burazil 3 da nema ta ɗauki kofin, Zinedine Zidane ya ci biyu da ka. A 2024 filin ya karɓi wasannin guje-guje da tsalle-tsalle na Olamfik.

Rayuwar yau da kullum kuwa a kasuwa ake ganinta. Tana ci Talata da Juma'a da Lahadi kusa da tsohuwar cocin, kuma za ka ji Faransanci da Larabci da Bambaranci a layi ɗaya. Jami'ar Paris 8 tana garin tun 1980. Akwai kuma makarantar kwana ta 'yan mata da Napoleon ya kafa, a cikin tsoffin gine-ginen da ke jikin cocin.

To ina matsalar take? Inda masana'antu suke a da, yanzu manyan ofisoshi ne. Kullum da safe jiragen ƙasa na sauke dubban ma'aikata daga wasu wurare, da yamma su kwashe su. Yawancin ayyukan na buƙatar takardun ilimi mai zurfi, alhali lardin 93 shi ne mafi talauci a babban yankin Faransa, kuma yana cikin waɗanda matasa suka fi yawa. A farkon 2024 malaman makarantun lardin sun yi makonni suna yajin aiki, suna neman ƙarin malamai da gyaran azuzuwa. Wato yaro na iya tashi yana hango ofis daga tagar gidansu, amma ƙofar shiga ta yi masa nisa. Masaukin 'yan wasan Olamfik, wanda wani sashensa ke Saint-Denis, an fara mayar da shi gidaje da ofisoshi bayan wasannin 2024, kuma abin da mutanen garin ke tambaya shi ne ko masu ƙaramin ƙarfi za su iya zama a ciki.

Ga aikin gida na wannan makon: idan kai ne magajin garin Saint-Denis, ko ke ce, wane mataki ɗaya za a fara ɗauka don matasan garin su samu ayyukan da ke ƙofar gidajensu? Ku rubuta amsa cikin layi goma, ku tattauna da malamin labarin ƙasa ko na tarihi. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.