Kada Tambarin i7 Ya Ruɗe Ku

Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, duk ɗalibin SS3 a Batsari ko Safana ya san akwai ranar da zai zauna gaban allonta. Shi ya sa wasu iyaye kan sayar da buhunan gero ko rago, a sayo laftof na hannu daga Katsina ko Kano, yara biyu ko uku su riƙa karɓa-karɓa da ita. Kuɗin da aka sha wahala kafin a tara bai kamata a miƙa su don kawai an ga tambarin i7 manne a jikin na'ura ba.

Furosesa shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta, shi ke yin duk lissafin. Sunayen nan i3 da i5 da i7 da kamfanin Intel ya sa wa nasa kamar sunan gida ne, kuma a gida ɗaya akwai kaka akwai jika. Cikakken sunan za ku nema, misali i7-3520M. Lambar farko bayan ɗan layin ita ce zubin: 3 a nan na nufin zubi na uku, wanda ya fito a 2012. Daga zubi na goma lambobi biyu ake karantawa, kamar 10 ko 11.

Ku gwada da wayarku. Ku shiga cpubenchmark.net, shafin kamfanin PassMark, ku je sashen kwatantawa, ku rubuta i7-3520M, sannan ku ƙara i5-8250U na 2017. Makin da shafin ke nunawa an samo shi ne daga gwajin da masu kwamfutoci da yawa suka yi a kan nasu. Za ku ga i5 ɗin ya kusa ninka i7 ɗin, domin cibiyoyin aikinsa huɗu ne, na i7 kuwa biyu. In kun ƙara Celeron N4020, wanda ake samu cikin sababbin laftof masu araha da ƙyalli, za ku tarar ko tsohon i7 ɗin bai kamo ba. Sabo a kwali ma ba hujja ba ce.

Sai dai shafin bai san halin da muke ciki da wuta ba. A garuruwanmu caji sai a shagon mai sola ko mai janareta, a biya kuɗi. Don haka ku duba layin da aka rubuta TDP, wanda ke nuna kimanin zafin da furosesa ke fitarwa, wato alamar yawan wutar da yake ci. Na i7-3520M wat 35 ne, na i5-8250U wat 15. Harafin U a ƙarshen suna alamar tsimin wuta ne, harafin H kuwa na masu ƙarfi ne masu shan batir. A ganina ɗalibin da ke ƙauye U ya fi dacewa da shi, ko da wani H ya fi shi maki. Atisayen JAMB da buga rubutu da koyon Excel ba sa buƙatar doki mai sukuwa.

Akwai kuma batun Windows. Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance daga zubi na takwas na Intel yake farawa, in ban da wasu ƴan kaɗan. Tsohon i7 ɗin nan ya riga ya faɗi wannan jarrabawa.

Kada ku dogara da shafi ɗaya. Ku tabbatar da shekara da wat a shafin Intel ARK, ko shafin AMD idan Ryzen ne. Da yake sabis ba kullum yake tsayawa ba, ku yi binciken ranar da ya samu, ku ɗauki hoton allon ku ajiye, ko ku rubuta sunaye uku ko huɗu a takarda ku ba Baba ko yayanku da zai je kasuwa.

A shago kuma, tambari ana iya ɓanɓare shi a liƙa wani. A roƙi mai shago cikin ladabi ya kunna na'urar, a danna Ctrl da Shift da Esc tare, a shiga Performance, a taɓa CPU. Cikakken sunan zai bayyana a sama ta hannun dama. A nan ne kuma za a ga ko RAM ya kai giga 8, ko ma'ajiyar SSD ce, domin furosesa mai kyau a kan tsohon faifai mai juyawa jan ƙafa zai yi ta yi. Kafin a ƙirga kuɗi, a ce ya zare caja, a zauna minti ashirin a ga yadda batir ke sauka.