Kainuwa dashen Allah, kwasarta aikin mutum

A Faransa, masu kiwon kifin teku cikin akwatin gilashi sukan shuka wata gansakuka, Chaetomorpha, domin ta shanye azot da fosfat da kashin kifi ke zubawa cikin ruwa. Bukatunta ukku ne: haske, ruwa mai motsi, da ragewa a kai a kai.

A tabkunan Tasawa da Mayahi, kainuwa da gansakuka ke wannan aiki kyauta. Rana kam muna da ita. Ragewar ce muka yi wa sakaci. In aka bar su suka ruɓe, ƙazantar takan koma ruwa, iskar shaƙa ta ƙare, kifi ya mutu. Magadan gari, ku sa a kwashe su bayan damana, manoma su samu taki.