Ashe Wasan Ruwa Ma Ilmi Ne?

Akwai waɗansu tsibirai a tsakiyar tekun Fasifik, sunansu Hawai, waɗanda tun 1959 su ke jiha ɗaya cikin jihohin Amurka. A 2004 hukumar ilmin wannan jiha ta yarda a sa hawan igiyar ruwa cikin wasannin makarantun sakandare. Sa'ad da na ba wani abokin aikina wannan labari sai ya yi dariya, ya ce ai wannan aikin waɗanda suka ƙoshi ne. Ni kuwa a ganina mutanen nan sun yi daidai, sai dai sun makara ƙwarai, kuma yadda aka yi suka makara shi ne abin da ya kamata malamai su duba.

Ga wanda bai taɓa ganin teku ba, ga yadda wasan ya ke. Mutum ya kan kwanta rub da ciki a kan wani dogon allo, ya yi ta tuƙi da hannuwansa har ya wuce inda igiyar ruwa ke fashewa. Can sai ya juyo ya jira. In babbar igiya ta taso sai ya tuƙa da sauri har ta ɗauke shi, sa'an nan ya yi wuf ya miƙe tsaye, ya gangaro a jikinta zuwa gaɓa. Akwai kuma wanda a ke tsayawa a kan allon tun da fari, a riƙa tuƙi da dogon filafili. Na ukunsu shi ne kayak, watau ɗan siririn kwalekwale mai cin mutum ɗaya, wanda asalinsa na Iniwit ne, mutanen ƙasashen ƙanƙara, da shi su ke farauta cikin teku. Amma mutanen Hawai nasu kwalekwalen na gado daban ne, a kan ɗaura masa wani dogon itace a gefe don kada ya kife.

Lokacin da Kyaftin Cook ya isa tsibiran a 1778 ya tarar wannan wasa na kowa da kowa ne, maza da mata, sarakuna da talakawa. Sarakuna suna da nasu allo, ana kiransa olo, tsawonsa ya kan kai ƙafa 15 ko fiye. Na talakawa, alaia, bai kai haka ba. Yaro ya kan tashi ya san halin iska, ya san inda ruwa ke ja da inda duwatsu ke ɓoye, tun bai san hannunsa na dama ba. A ƙasar da abincinta ke cikin teku, hanyar tafiyarta kuma kwalekwale ne, wannan sani shi ne kariyar ransa.

To, kafin ƙarni na 19 ya ƙare abin ya kusa mutuwa. 'Yan mishan daga Amurka sun sauka a 1820, suka buɗe makarantu, kuma a gaskiya sun yi aiki, don cikin 'yan shekaru yawancin jama'a suka iya karatu da harshensu. Amma sun ƙi jinin wasan ruwa. Sun ce zaman banza ne, ana yinsa ba tufafi, ana kuma caca a kansa. Maganar caca gaskiya ce, har mutum ya kan rasa dukiyarsa a kan tseren igiya ɗaya. Kuma ba zan ɗora musu laifin duka ba, gama cututtukan da baƙi suka kawo sun fi su ɓarna: mutanen da a ka ƙiyasta sun kai 300,000 ko fiye a zamanin Cook, sun koma wajen 40,000 a shekarun 1890. Aka tumɓuke sarauniyarsu a 1893, aka mai da Ingilishi harshen koyarwa a 1896, Amurka ta haɗiye ƙasar a 1898. Duk da haka laifin makaranta yana nan. Maimakon ta raba wasan da caca, sai ta koya wa yaro jin kunyar abin da ubansa ya gwanance a kai. Wannan kuskure na san shi, don na sha ganinsa a ajin da na je dubawa, ba a Hawai ba.

Wanda ya ɗaga abin daga ƙasa wani ɗan ƙasa ne, Duke Kahanamoku, an haife shi a Honolulu a 1890. Bai gama sakandare ba. Ilminsa na ruwa a gaɓar Waikiki ya same shi, wurin manyansa. Ya ci lambar zinariya ta iyon mita 100 a wasannin Olimfik na 1912 a Sitokholm, ya sāke ci a 1920. Ko ina aka gayyace shi iyo sai ya nuna musu hawan igiya, har Ostareliya, inda yau abin ya zama kamar nasu na gado. Amma labarinsa da na fi so shi ne na 1925. Wani jirgin masunta ya kife a gaɓar Kaliforniya cikin ruwa mai hauka, Duke ya ɗauki allonsa ya yi ta kai da kawowa har ya fid da mutum 8 da ransu. Bayan wannan ne masu tsaron gaɓa a Amurka suka shiga amfani da allo wajen ceto. Abin da aka kira zaman banza, ga shi ya koma kayan aikin hukuma.

Haka kuma Eddie Aikau, wanda ya fara aikin tsaron masu wanka a Waimea, inda igiya ta kan yi tsawon bene. An ce ya ceci fiye da mutum 500. A 1978 yana cikin waɗanda suka shiga Hokule'a, kwalekwalen gargajiya da ya je Tahiti a 1976 ba da kamfas ba, sai da taurari da halin ruwa. Kwalekwalen ya kife, Eddie ya hau allonsa ya tafi neman taimako. An ceci sauran duka, shi kuwa ba a sāke ganinsa ba. Abin lura a nan, sa'ad da aka shirya tafiyar 1976 ba a sami ɗan Hawai ko ɗaya da ya rage da sanin tuƙi da taurari ba, sai da aka ɗauko Mau Piailug daga wani ɗan tsibiri mai nisa, Satawal.

Daga baya hukuma ta farga. A 1986 jihar ta ɗauki tseren kwalekwale ya zama wasanta na ƙungiya, a 1998 hawan igiya ya zama wasanta na mutum ɗaya. Da aka fara gasar hawan igiya a Olimfik na Tokiyo a 2021, Carissa Moore, 'yar asalin Hawai, ita ta ci zinariyar mata. Na san akwai masu ƙorafi a can, suna cewa wasan ya zama kasuwar baƙi, otal-otal sun cinye gaɓa, ɗan ƙasa ya koma mai koya wa 'yan yawon buɗe ido don 'yan kuɗi kaɗan. Wannan ƙorafi yana da tushe. Amma ai shi ya ƙara nuna amfanin makaranta a ciki, don in an bar wa kasuwa kaɗai, sai mai kuɗi zai koya.

Yanzu mai karatu zai ce, mu da ba mu da teku, ina ruwanmu? Allon hawan igiya kam ba mu bukatarsa. Amma muna da Kwara da Binuwai, da madatsun ruwa, da yaran da ke ƙetare su kullum. A watan Nuwamba 2021 kwalekwale ya kife a madatsar Watari, a Bagwai ta jihar Kano, mutum 29 a ƙalla suka rasu, yawancinsu yara 'yan makaranta. Lodi ne ya yi yawa, kuma iyo kaɗai ba ya maganin wannan, sai da doka da rigar kariya. Duk da haka yaron da ya san yadda zai kwanta rigingine bisa ruwa ya natsu, ya fi wanda bai sani ba damar jiran mai ceto. Masu wannan sani kuwa muna da su. Duk wanda ya je bikin Argungu, wanda a ke yi tun 1934, ya ga Kabawa suna tseren kwalekwale da iyo da nutso. 'Ya'yansu suna cikin azuzuwanmu.

Na taɓa isa wata makaranta a bakin kogi na tarar babban malami ya jera yara yana dukansu don sun je iyo. Na tambaye shi ko shi ya iya, ya ce a'a. Dalilinsa biyu, tsoron kada ruwa ya ci yaro a tuhume shi, da tsoron tsargiya. Dukansu dalilai ne na gaskiya, musamman tsargiya, wadda a ke ɗauka a ruwan da ke kwance inda dodon koɗi ke zama. Amma bulala ba ta hana yaro komawa rafi, sai dai ta sa ya tafi a ɓoye, inda ba babba ko ɗaya.

Shawarata ga kwalejojin horon malamai ita ce, duk ɗalibin da za a tura garin da ke bakin ruwa a koya masa iyo da ceton wanda ruwa ya ci kafin a ba shi takarda. Babban malami kuma ya je ya gai da Sarkin Ruwan garinsu, ya roƙe shi mutum biyu da za su riƙa zuwa ran wasanni, ma'aikacin lafiya ya duba wurin da za a shiga. Akawun da zai rubuta kuɗin wannan cikin kasafin shekara zai ga bai kai na rigunan 'yan ƙwallo ba.