Sababbin na'urorin gem: Ana biki a Tokyo, ana lissafin fetur a Jibia

A farkon watan Nuwamban 2025 ne kamfanin Rockstar ya sake ɗage fitar da wasan GTA VI, a wannan karo zuwa ranar 19 ga Nuwamban 2026. Cikin 'yan sa'o'i labarin ya karaɗe duniya, hannun jarin uwar kamfanin, Take-Two, ya ɗan girgiza, masu sharhi kuma suka yi ta cece-ku-ce a intanet. Matasan Jibia ma sun gani a wayoyinsu. Sai dai abin da ke gaban mai gidan gem a wannan gari na bakin iyakar Najeriya da Nijar daban ne: yaushe za a kawo wuta, nawa litar fetur ta koma, kuma a ina zai samo sabon hannu tunda yara sun karya na jiya?

Wani zai ce maganar wasan bidiyo a garin da ya sha fama da 'yan bindiga da rufe iyaka ai ɓata bakin alƙalami ne. Amma duk wanda ya san garuruwan Arewa ya san gidan gem sana'a ce kamar gidan kallon ƙwallo da shagon cajin waya. Ɗaki ɗaya ne ko rumfa, da talabijin biyu ko uku, da benci, da tsohuwar PlayStation. Yara da samari suna biyan 'yan nairori su buga wasa ɗaya, wanda aka cire ya tashi ya ba na layi. Da wannan cinikin wani ke ciyar da iyali, wani ke biyan kuɗin makaranta. Inda masana'antar wasannin ta dosa a yau barazana ce ga wannan ƙaramar sana'a, kuma ya kamata a fara maganar tun kafin a makara.

Kuɗin da ake zubawa

Ƙera babban wasa ya zama harkar da ta fi ƙarfin yawancin kamfanoni. Takardun da aka gabatar a wata kotun Amurka a 2023, lokacin shari'ar sayen kamfanin Activision Blizzard, sun nuna cewa Sony ya kashe kusan dala miliyan 220 wajen yin The Last of Us Part II, da dala miliyan 212 a kan Horizon Forbidden West. Wasa ɗaya kan ci shekara biyar ko fiye, da ɗaruruwan ma'aikata. Shi kansa cinikin Activision Blizzard da Microsoft ya kammala a Oktoban 2023 ya kai kusan dala biliyan 69, amma bayan wata uku kacal kamfanin ya sallami ma'aikata 1,900 daga sashen wasanninsa.

Idan jari ya kai haka, faɗuwa ɗaya ta isa ta rufe kamfani. Sony ya fitar da wasan Concord a ranar 23 ga Agustan 2024, ya janye shi bayan mako biyu saboda rashin masu saye, ya mayar wa mutane kuɗinsu, daga baya ya rufe kamfanin Firewalk da ya yi aikin. Wannan fargabar ce ta sa manyan kamfanoni suka daina gwada sabon abu, suka koma maimaita sunayen da suka riga suka karɓu, suna kuma neman kowace kafa ta tatsar mai saye.

Farashi ya nuna haka. PlayStation 5 ta fito a Nuwamban 2020 a kan dala 499. A Nuwamban 2024 aka fitar da PS5 Pro a kan dala 700, ba ta ma da wurin saka faifai, sai mutum ya ƙara dala 80 ya saye shi daban. Nintendo Switch 2 ta fito ranar 5 ga Yunin 2025 a kan dala 450, wasanta na Mario Kart World kuwa dala 80, duk da haka an sayar da na'urar miliyan uku da rabi cikin kwana huɗu. Kenan akwai masu saye, amma ba a wannan yanki suke ba.

A yi lissafin da naira. Idan aka ƙaddara dala a kan naira 1,500, PS5 Pro ta haura naira miliyan ɗaya, wato albashin wata goma sha biyar na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Sabon wasa guda na dala 70 ya fi albashin wata. Ba a sa kuɗin dako da na kwastam da ribar ɗan kasuwa ba.

Abin da faifai ke nufi a bakin iyaka

Tsada ba sabon abu ba ce. Tun zamanin PlayStation 2, wadda ta fito a shekarar 2000 aka kuma sayar da sama da miliyan 160, sabuwar na'ura ba ta isowa hannun talakan Arewa sai ta kwana biyu. Sai Turawa sun gama yayinta, ta faɗo kasuwar gwanjo, ta biyo kwantena zuwa Legas ko Kwatano, sannan ta gangaro Kano ko Maraɗi, ta iso irin su Jibia. Jinkirin shekaru ne, amma tana zuwa. Abin da ya riƙe wannan tsari shi ne faifai: ana sayensa na hannu, a ara, a musanya, a sayar idan an gaji da shi, kuma yana aiki ko babu sabis.

Wannan igiyar ce kamfanoni ke neman tsinkewa. Na'urar da ba ta cin faifai dole sai an sauko da wasa daga intanet, kuma manyan wasannin yau wasu sun haura gigabait ɗari. Ga shi a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Wasan da aka saya ta intanet yana maƙale ne da asusun wanda ya saya, ba a sayar da shi, ba a ba da aronsa. Ranar da kamfani ya rufe rumbunsa, abin da mutum ya biya kuɗi ya saya na iya zama tarihi.

Wani abin takaicin kuma, Najeriya da Nijar ba sa cikin ƙasashen da Sony ya buɗe wa rajistar PlayStation Network a hukumance. Duk mai asusu a nan ƙasar wani ya ara, ya rubuta cewa yana Amurka ko Ingila. An ga illar haka a Mayun 2024, lokacin da aka cire wasan Helldivers 2 daga kasuwar Steam a ƙasashe da yankuna sama da 170 saboda wannan dalili. A idon kamfanin, mai buga gem a Katsina ko Maraɗi tamkar babu shi ne.

Jibia ta fi kowa sanin haɗarin dogara da abin da ba ya hannunka. A Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, a Nuwamban shekarar kuma hukumar kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, duk mai janareta a garin ya ji a jikinsa. A Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Jibia, a yaƙin da ake yi da 'yan bindiga, aka shafe watanni babu sabis. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar aka sake garƙame iyakar Magama, ba a buɗe ba sai a Maris ɗin 2024. A duk waɗannan lokuta tsohuwar na'ura mai faifai za ta iya aiki muddin an samu wuta. Wadda ke jiran intanet kuwa sai dai a lulluɓe ta da zane.

Koken iyaye gaskiya ne

Ba za a kare gidajen gem ido rufe ba. Iyaye da malamai da ke kuka da su suna da hujja. Akwai yaron da ke barin gida da kayan makaranta ya yada zango a gidan gem. Akwai wanda ake aika da kuɗin cefane ya buge su. Akwai wuraren da ake sa kuɗi a kan wasa, abin da ba shi da wani suna sai caca. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sanya jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtukan da ta amince da su a 2019. Shi kansa GTA da ake ta ɗoki wasa ne na sata da harbi da batsa, wanda masu tantancewa a ƙasashen da ake yin sa suka keɓe wa manya. A garin da yara suka ji ƙarar bindiga ta gaske, irin wannan wasa ba shi da gurbi a gaban ɗan shekara goma.

Sai dai rufe wuraren ba zai magance komai ba. Wasannin sun riga sun koma cikin waya, inda PUBG da Free Fire da eFootball ke aljihun yaro, a ɗakin da babu mai ganinsa. Gidan gem aƙalla a fili yake, an san mai shi, an san 'ya'yan wa ke shiga. Matashin da aka rufe wa sana'a kuma, a yankin da fasa-ƙwauri da kai wa 'yan daji bayanai ke zawarcin marasa aikin yi, ba a san inda zai faɗa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, ƙaramar hukumar Jibia da masu unguwanni su zauna da masu gidajen gem a yi ƙa'ida mai sauƙi: ba a karɓar yaro a lokacin boko ko Islamiyya, a rufe lokacin salla, a tsayar da lokacin tashi da dare, a hana sa kuɗi a kan wasa, wasannin manya kuma a kawar da su daga gaban yara. Su masu sana'ar su haɗu a ƙungiya, domin wanda ya karya doka 'yan uwansa su fara tsawatar masa kafin hukuma ta zo.

Na biyu, duk shirin tallafa wa ƙananan sana'o'i da gwamnatin jiha ke yi ya ɗauki waɗannan wurare a matsayin sana'a. Bashin sola mai sauƙin biya zai raba su da fetur, wanda ke cinye ribarsu tun bayan cire tallafi a Mayun 2023. Gyaran na'urori da hannuwa ma aiki ne da za a iya koyarwa tare da gyaran waya, musamman a garin da ke da kwastomomi daga ƙasashe biyu, kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi da ake ginawa zai ratsa ta cikinsa.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, a daina tsayawa a matsayin masu saye kawai. Ba sai da dala miliyan 200 ake yin wasa ba. Kamfanin Maliyo Games na Legas, mai yin wasannin waya, har ya kai ga yin aiki da Disney. Kiro'o Games na Kamaru ya fitar da Aurion a 2016 da labarin da ya tsamo daga al'adun Afirka. Sony ɗin nan ma a 2024 ya zuba jari a Carry1st, kamfanin da ke rarraba wasannin waya a nahiyar. Ƙasar Hausa ba ta rasa abin da za a mayar wasa ba: ga dara, ga dambe, ga langa, ga kokawar gargajiya da Nijar ke tsayawa cak domin gasar takobinta. Kannywood ba ta jira kuɗin Hollywood ba, da kyamarar bidiyo da kaset ta fara. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da kwalejin Hassan Usman Katsina suna yaye ɗaliban kwamfuta duk shekara. Ƙaramar gasa ta ƙera wasan waya da Hausa, mai aiki ba tare da intanet ba, ba za ta gagari gwamnati ko wani attajiri ba.

Kamfanonin Japan da Amurka ba za su rage farashi saboda Jibia ba, ba za su kuma dawo da faifai don tausayin mai rumfa a Magama ba. Masu hannun jarinsu suke yi wa aiki. Tsofaffin na'urorin da ke hannu za su ɗan ƙara shekaru suna jan zare, amma gwanjon gobe zai zo ne da na'urorin da ba sa motsi sai da data da asusun waje. Tsakanin yau da wannan rana akwai ɗan lokaci, kuma ya rage ga hukuma da iyaye da masu sana'ar su yi amfani da shi.