Azurfa a Bakin Yaran Daura

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da sanin mas'alar sanya ƙarfe a jikin ɗan Adam, gama Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito labarin sahabi Arfajatu ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙin Kulabu, ya sa na azurfa ya yi masa wari, har Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi da ya sa na zinariya. Daga nan fukaha'u suka ciro halaccin ɗaure haƙori da zinariya saboda lalura. To, yau ga azurfa ta komo da wata siffa, an niƙe ta ƙwayoyi ƙwayoyi waɗanda babbarsu ba ta wuce nanomita 100 ba, shi kuwa nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita, ana cuɗa ta cikin abin cike haƙori da ruwan shafa wa kogonsa, domin tana hallaka ƙwayoyin cutar da ke cin haƙori.

Amfaninta ba abin musu ba ne. Illa dai ƙanƙantar da ta ba ta wannan ƙarfi ita ce kuma abin tsoro, domin gwaji a kan dabbobi ya nuna irin waɗannan ƙwayoyi suna ratsa jiki su taru a hanta da saifa, kuma likitoci sun san cewa wanda azurfa ta yi wa yawa a jiki fatarsa takan rine ta koma toka-toka, rinin da ba ya fita. Abin da ake shafa wa haƙori ɗan mitsitsi ne, haƙiƙa, amma hujjar da aka tara a kan mutane, musamman ƙananan yara da masu juna biyu, ba ta kai ta dogon zamani ba tukuna.

Alhali kuwa akwai tsohon maganin ruɓar haƙori na azurfa da fulorayid, wanda Japan ta fara aiki da shi wajen 1970, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta shigar da shi cikin jerin magunguna na wajibi a 2021. Ɗigo guda ake shafawa, ba allura, ba injin huda, ba buƙatar lantarki, kuma galibi ruɓar takan tsaya. Babban aibinsa shi ne yakan baƙanta gurbin da ya ruɓe, kuma don kauce wa wannan baƙi ne masu bincike a Brazil suka gwada na ƙwayoyin nano a 2014. Ni dai a ganina, uwar da ke wani ƙauye na Baure ko Zango ko Sandamu, wadda ɗanta ya kwana yana kukan haƙori, ba baƙin ɗigo a haƙorin da zai famfare ne damuwarta ba, balle a ƙasar da mata suka daɗe suna rina haƙora da fure da goro don ado.

Saboda haka ya kamata hukumomin lafiya na Jihar Katsina su kai tsohon maganin asibitocin karkara na masarautar Daura, su horar da ma'aikatan da ke can yadda ake shafa shi. Na nano kuwa a bar shi hannun asibitocin koyarwa su bi diddiginsa da izinin iyaye, hukumar NAFDAC kuma ta sa ido a kasuwannin kan iyaka irin ta Mai'aduwa, kada wani man goge baki ko ruwan kurkura mai ɗauke da sunan azurfa ya shigo ba tare da lambar rajista ba.