Mu Buɗe Adaka Sau Biyu a Shekara

Kowane gida a Gure yana da wurin ajiyar tufafi. Wani adaka gare shi, wani akwatin ƙarfe. Mata da yawa cikin kwalla suke ajiye zannuwansu, su jera kwallaye a ƙuryar ɗaki. Masu hali suna da kabad na katako. Wanda bai da ko ɗaya yakan ɗaura igiya daga bango zuwa bango ya rataya kayansa, ko ya cusa su cikin buhu.

To, maigida, ka san abin da ke cikin adakarka? Ke uwargida, zane nawa ne cikin kwallar ƙasa, wadda sauran ke bisa kanta? Yaushe rabonki da ki buɗe ta? Mutane da yawa ba za su iya ba da amsa ba.

Ga ra'ayina. Ya kamata kowane gida ya zazzage kayan sawarsa sau biyu a shekara. A shanya, a ƙirga, a rubuta. Abin da ake sawa a gyara shi. Abin da ba a sawa a fitar da shi tun yana da amfani.

Ajiya maganin wata rana

Na san abin da tsofaffinmu za su ce. Za su ce: "Malam, ajiya maganin wata rana. Zane ai dukiya ne." Gaskiyarsu. Ban zo in yi musu da wannan ba.

Gure ita ce babban birnin ƙasar Muniyo a da, Muniyo kuwa tana bin Barno. A ƙasar Barno, kafin kuɗin wuri su yaɗu a tsakiyar ƙarni na 19, da ƙyallen saƙi ake ciniki. Sunansa gabaga. Da shi ake sayen hatsi, da shi ake biyan bashi. Ke nan a wurin kakanninmu tufa kuɗi ce ta gaske.

A zamaninmu ma haka ne. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa, ya rasa rabin ƙarfinsa a dare ɗaya. Wanda ya ɓoye takardun kuɗi ƙarƙashin katifa ya yi asara. Matar da ta ajiye turmin atamfa ba ta yi ba, don kuɗin atamfa tashi ya yi. A yunwar 1984 da ta 2005, gidaje da yawa sun sayar da kayan ɗaki sun sayi gero. Da aka rufe iyakar Najeriya a 2019, da kuma a 2023, kaya sun yi tsada a kasuwanninmu. Duk wanda ya ga waɗannan shekaru ba zai raina ajiya ba.

Amma fa ajiya iri biyu ce

Turmin atamfa da ba a yanka ba, dukiya ne. Shadda da ba ta je wurin tela ba, dukiya ce. Ran da ciwo ya zo, ko hatsi ya ƙare, ana iya kai su kasuwar Gure, ko ta Subdu, ko ta Gidigir, a samu kuɗi mai kauri.

Rigar da aka ɗinka daidai jikinki shekara 10 da suka wuce, wannan wata magana ce. Jiki ya sake, yayi ya wuce, rigar ba ta shiga. In kin kai ta kasuwa, nawa za a ba ki? Ɗan abu kaɗan, don ga bosho nan jibge, mai arha. Kowace shekara da ta ƙara cikin kwalla, darajarta raguwa take yi. Haka wandon maigida da ya matse shi. Haka rigunan yaron da yanzu ya yi gemu.

Akuya in ka ajiye ta, haihuwa take yi. Ɗinkakkiyar riga ba ta haihuwa, tsufa kawai take yi a cikin duhu.

Ɓarayin cikin ɗaki

Ko turmin da ke dukiya ne, ba a bar shi lafiya ba in ba a duba shi. Akwai ɓarayi da ba su buƙatar mabuɗi.

Na farko gara. Ɗakunanmu na ƙasa ne. In adaka ta zauna a ƙasa ko ta jingina da bango, gara tana shiga ta ƙasanta ba wanda ya sani. Sai ran biki a buɗe, a tarar da zane ya zama rariya.

Na biyu asu da kyankyaso. Su abin da suke so shi ne duhu, da kayan da aka ajiye da datti. Ɗigon miya ko gumi a wuyan riga, abinci ne a wurinsu. Ɓera kuma yakan yayyage tsumma ya yi sheƙa.

Na uku laima. Damina a nan gajera ce, wata uku ne, amma in rufi ya yi yoyo sau ɗaya ya isa. Kayan da suka jiƙa a rufe sukan yi fumfuna da baƙin tabo wanda sabulu ba ya fitarwa. Akwatin ƙarfe kuma yakan yi tsatsa ya ɓata farin yadi.

Akwai kuma kunama. Tarin tsummoki a ƙuryar ɗaki gidanta ne. Wa ke sa hannu a wurin? Yaranmu.

Yaushe, kuma ta yaya?

Lokaci biyu na zaɓa. Na farko bayan kaka, kafin hunturu ya shigo. Lokacin ne ake neman bargo da rigunan sanyi. Na biyu a ƙarshen bazara, kafin ruwan farko. Lokacin rana tana da ƙarfi, kuma akwai damar gyara rufi.

A zaɓi ranar da babu iska da ƙura. A shimfiɗa tabarma a tsakar gida. A fito da kome da kome, kada a bar ko ɗankwali. A share adaka, a goge ta, a kifa ta a rana. Sannan a raba kayan kashi huɗu:

1. Kayan da ake sawa yau da gobe.
2. Kayan fita: na salla, na Juma'a, na biki.
3. Ajiya: turame da yadin da ba a ɗinka ba.
4. Kayan da ba a sa ba tun salla biyu da suka wuce.

Kashi uku na farko su za su koma ɗaki. A wanke mai datti, a bari ya bushe sarai. Wanda ya yage a ɗinke, wanda maɓalli ya faɗi a sa masa wani. Zannuwa masu launi a shanya su a bai-bai, kuma kada su daɗe, don ranar Gure tana cin launi.

Wajen mayarwa, abin da ake ɗauka kullum shi ne a sama. Na ajiya shi ne a ƙasa, a naɗe cikin tsohon zane mai tsafta. Baƙin rini irin turkuɗin Kura yana zuba, don haka a naɗe shi daban, kada ya taɓa farar shadda. A ɗora adaka bisa duwatsu ko bulo, a janye ta daga bango kamar tafin hannu ɗaya. Haka za a ga hanyar gara tun ba ta kai ba.

Maganar kafur

Mutane da yawa suna zuba kafur cikin kaya don korar ƙwari. Yana kora, amma yana da haɗari. Fari ne, kamar alewa, yaro yana iya haɗiye shi. Kuma akwai jarirai da jininsu ba ya jure shi. In aka naɗe irin wannan jariri da zanen da ya sha kafur, yana iya kamuwa da shawara mai tsanani, idonsa da jikinsa su yi rawaya. Ba a gane jaririn da ke da irin wannan jini da ido. Saboda haka kada a sa kafur cikin kayan jariri ko na mai jego. In an ga idon jariri ya yi rawaya, a kai shi likita ran nan, kada a jira.

Ga abin da ba a saye: ganyen dogon yaro. A tsinko, a shanya a inuwa har ya bushe, a ƙulle a ƙyalle, a sa cikin adaka. Duk lokacin da aka zazzage kaya sai a sake sabo.

Kashi na huɗu

Nan ne zuciya takan yi nauyi. Mutum yakan ɗaga riga ya ce: "Wata rana zan sa." Shekara ta zagayo, bai sa ba. Ba na cewa a fitar da zanen da uwa ta bar wa ƴarta, ko rigar da mutum ya yi aure da ita. Irin waɗannan ɗaya ne ko biyu, a riƙe su. Sauran fa?

Wasu tela zai iya rage su. Daga babbar riga ɗaya ana fitar da riga da wando na yaro. Wasu a ba ƙanne. Wasu a sayar, ko a yi furfure da masu yawo da kwanoni. Sauran a bayar.

Masu buƙata ba su da nisa. Cikin sanyin Disamba da Janairu, dubi almajirin da ke ƙofar gidanka da asuba. Tun 2015 rikicin Boko Haram ya kori dubban mutane daga gidajensu a jihar Difa, maƙwabciyarmu ta gabas, da yawa ba su fito da kome ba sai abin da ke jikinsu. A damanar 2024 ambaliya ta shafi mutane fiye da miliyan ɗaya a Nijar. A Damagaram har tsohon masallacin Birni ya rushe. Gidan da ya faɗi, da kayan sawa yake faɗuwa. A wannan lokaci riguna nawa ne ke kwance cikin adakokinmu, gara tana jiran su?

Amma bayarwa tana da ladabi. A wanke, a ɗinke, a ninke. A kai da dare ko a aika a asirce, don kada mai karɓa ya ji kunya. Kuma kada a ba mutum tsumma a ce an yi kyauta. A Akara, babban birnin Gana, akwai kasuwar Kantamanto inda ake kwance dilolin gwanjo daga Turai da Amurka. Da yawa daga cikin kayan ba su sawuwa, sai a zubar, har sun cika bola da bakin teku. Masu aikowa sun share ɗakunansu, sun bar wa wasu shara. Kada mu yi wa maƙwabcinmu haka.

Tsumma yana da nasa aiki: gammo, cikon matashin kai, abin goge fitila, abin sauke tukunya. Kada a jefa shi a titi, awaki su ci. Kada a ƙona yadin roba cikin gida, hayaƙinsa yana cutar da ƙirji.

Ina kayan suke fitowa?

In rijiya tana cika da yashi, ba yasa kawai ake yi ba, ana duba inda yashin ke shigowa. Mu a nan mun san wannan. Babbar ƙofar da kaya ke shigowa ita ce anko.

Mu yi lissafi, misali ne kawai. Mu ce kuɗin anko jikka 6, ɗinki jikka 2. Jikka 8 ke nan. In an yi biki 5 a shekara, 8 sau 5, jikka 40. Ki tambayi kanki: tiya nawa ta gero jikka 40 za ta saya a kaka? Kuma sau nawa kika sa kowane ɗaya? Wata ma bashi ta ci ta saya, don kada a ce ba ta yi kara ba. Biki ya watse, bashi yana nan, zane yana cikin kwalla.

Zumunci abu ne mai kyau. Amma ƙungiyar mata tana iya zama ta yanke shawara: anko ɗaya a shekara, a sa shi a kowane biki. Maza ma kada su yi dariya. Hula nawa kai ɗaya yake buƙata?

Aikin alƙalami

Yanzu kun iya rubutu, to ga wurin amfani da shi. A samu ɗan littafi. A shafi ɗaya a rubuta kwanan wata. A ƙasa a jera: turmi 3, zane 7, riga 5, mayafi 2, bargo 1. A wani shafi a rubuta abin da aka ba da aro, da sunan wanda ya ara. A wani kuma a rubuta ajiyar da wani ya ba ka.

Wannan ɗan littafi yana hana rigima. Sau nawa muka ga ƴan'uwa sun ɓata a wurin rabon gado saboda turmi biyu? Wannan ta ce na marigayiya ne, waccan ta ce ajiyata ce na ba ta. Mai shaida tana kabari. Da an rubuta, da magana ta ƙare. Haka tsakanin kishiyoyi, haka kayan lefe.

Littafin yana kuma hana sayen abin da ake da shi. Kafin salla a buɗe shi a duba. Wataƙila yadin da za a je nema kasuwa yana nan cikin ɗaki tun bara.

Ba kabad mai madubi ke sa mutum ya zama mai tsari ba. Mai buhu ɗaya da ya san abin da ke ciki ya fi mai adaka biyar da gara ta sani. Hunturu yana tafe. A sa rana, a shimfiɗa tabarma, a kira yara su taya ƙirga.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Mene ne bambancin turmin da ba a yanka ba da rigar da aka ɗinka?
2. Don me ba a sa kafur cikin kayan jariri?
3. In anko da ɗinki jikka 7 ne, nawa za a kashe a biki 4?
4. Rubuta sunayen kaya biyar da ke cikin adakarka, da yawan kowane.